Pruitt-sama da Kalmar Jozu

Garin Kettle Bend na jihar Oregon bai rasa manyan mutane ba. Yana da likitan haƙori, yana da tsohon alƙali, yana da manomin da kabewarsa ta taɓa cin gasar gunduma. Amma in ana batun ilimi mai zurfi, irin wanda sai an ƙetare teku ake samo shi, ƙofa ɗaya ake nunawa: ta Mista Leland Pruitt, tsohon mai shagon katifa a babban titi, wanda Allah ya buɗe wa harshen Japananci a tafiyar da ba ta cika mako biyu ba. Yabon gwani ya zama dole. Wasu sukan yi ta fama da harshen nan a jami'a har furfura ta fito musu. Shi ta tagar bas ya sha shi.

Ga yadda abin ya faru. Shekarar da zai rufe shago, kamfanin da yake yi wa dillancin katifu ya kwashi dillalansa da matansu ya kai su Japan shan iska. Aka zuba su a bas mai sanyi, aka haɗa su da wata jagora mai jin Turanci riƙe da 'yar tuta, aka yi ta zagayawa da su daga otal zuwa wurin bauta, daga wurin bauta zuwa kanti. Sauran dillalai sun dawo da tsaraba: mafici, kofunan shayi, hotuna. Leland ya dawo da kalma.

Kalmar ita ce jozu, ma'anarta "ka iya". Ranar da ya sauka, ya ce wa mai ɗaukar kaya a otal arigato, wato na gode, sai mutumin ya rusuna ya ce masa jozu. Ya ce wa mai sayar da shayi arigato, ita ma ta rufe baki da hannu ta ce jozu. Direban bas ya faɗa masa. Ɗan sandan da ya nuna masa hanyar bayan gida ma ya faɗa masa. Da ya tambayi jagora, ta ce ai Japanancinsa suke yabawa. Leland ya dubi waje ta taga, ya gane cewa duk shekarun da ya yi yana sayar da katifa asara ce aka yi wa duniyar ilimi.

"Ƙasa guda ce ta yi mini shaida," haka yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya sa ya tsaya kusa da shi a layin gidan waya. "Ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba. Kuma ku sani, mutumin Japan ba ya yabo a banza. Sai ya auna ka ya ga ka cika mudu. Kalmar nan takardar shaida ce, baki ne kawai ke buga mata hatimi."

Matarsa Glenda, wadda ta yi tafiyar tare da shi a kujera ɗaya, ta taɓa ce masa a gaban mutane, "Ni ma fa sun faɗa mini, Leland."

"To ai tare da ni suka gan ki," in ji shi. "Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko."

Glenda ta ƙyale shi. Tun suna matasa take jin jawabansa, ta kuma san shiru ya fi sauƙi.

Ba a yi wata guda da dawowarsa ba ya je ofishin lambar mota ya sa aka buga masa JOZU, gaba da baya. Sannan ya waiwayi sunansa. A otal ɗin Japan ya ji ma'aikata suna kiransa Pruitt-sama. Wannan sama ɗin girmamawa ce da suke liƙa wa sunan baƙo ko mai sayayya, kuma babu mai hankalin da ke liƙa wa nasa sunan, kamar yadda ba a ganin makaɗi yana yi wa kansa kirari. Leland bai tsaya tambaya ba. Ya sa aka sake fenti a akwatin wasiƙun ƙofar gidansa, aka rubuta Pruitt-sama da jan launi. Dama can sama yake ganin kansa, sai ga harshen wata ƙasa ya tabbatar. Mutanen gari suka riƙa kiransa Shehin Jozu a bayan idonsa, wasu kuma Sarkin Katifa na Tokyo. Labari ya kai masa, ya ji daɗi.

Da abin ya tsaya nan, da ba wanda ya cutu. Sai dai Kettle Bend yana da tsohon ƙawance da wani gari mai noman tuffa a arewacin Japan, Tsubakino. Shekara da shekaru ƙawancen bai wuce musayar katin gaisuwa da kwalin tuffa ba. A wannan shekarar ce aka shirya magajin garin Tsubakino zai zo da kansa bikin girbin tuffa, sannan da bazara Kettle Bend ya tura tawaga ta rama ziyara. Magajiyar gari, Darlene Voss, ta ce sai baƙi sun zo sun tafi za ta faɗi wanda zai jagoranci tawagar. Wannan kujera Leland ke so, so irin na mai ƙishirwa da ruwa. Ya riga ya sayi sabon akwati. Ya riga ya ɗauki hoton da jaridar gari za ta buga.

Don share fage, ya buɗe aji a ɗakin ƙasa na ɗakin karatun gari, kowace Asabar da safe. Ya sa masa suna Japananci Don Matafiya. Duk mai son shiga tawaga ya zo ya rubuta suna, domin a garin makafi mai ido ɗaya sarki ne. Cikin ɗaliban akwai Dolores Quintero mai gidan burodi, wadda kek ɗinta na tuffa ya yi suna har garuruwan maƙwabta, da Hank Ostrander mai gyaran famfo, wanda ba ya zuwa ko'ina sai da tsohon karensa Biskit. Biskit yakan shige ƙarƙashin tebur ya yi barci har a tashi. A duniya abu ɗaya ya iya: in ya ga nama a hannun mutum, ya zauna ya miƙa ƙafar gaba.

"Ku ajiye littattafan nan," in ji Leland ranar farko. "Littafi na wanda bai je ba ne. Ni na je. Abin da zan ba ku daga bakin masu harshen na kwaso shi, da ɗuminsa. Matafiyi ba ya bukatar kaya masu yawa. Kalmomi kaɗan, amma zaɓaɓɓu, da ƙirji a buɗe. Sauran duk ado ne."

Kalma ta farko da ya ba su ita ce irasshaimase. Ya ce ita ce gaisuwar Japanawa, kuma da ƙarfi ake yin ta, domin duk ƙofar da ya shiga a ƙasar da ita aka tarbe shi, wani lokaci mutum biyar a tare. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai lura ba shi ne bai shiga ƙofar kowa ba sai ta kanti da gidan abinci, kalmar kuwa kiran masu shago ce ga mai sayayya, kamar a ce "shigo ka duba, akwai kaya".

Ta biyu ita ce kekko, wadda ya ce tana nufin madalla. Nan ma yana da rabin gaskiya. Sauran rabin, wanda bas bai tsaya ya ɗauka ba, shi ne in aka miƙa wa mutumin Japan abu ya ce kekko, to cewa yake ya gode, ya ishe shi haka.

Ta uku ita ce kalmar da ake faɗa kafin a sa hannu a abinci. Japanawa suna cewa itadakimasu, godiya ce ga abin da aka samu. Suna kuma da wata mai kama da ita a kunnen baƙo, ittekimasu, wadda mai fita daga gida ke faɗa: na tafi, sai na dawo. Kalmomin biyu sun shiga kan Leland ta ƙofa ɗaya, guda ta fito. Ta fita gida ce ta fito.

Dolores ta ɗaga hannu. "Leland, wayata fa ba haka ta ce ba. Tata ta fi taka tsawo."

"A aji Pruitt-sama nake, Dolores. Kuma in tambaye ki, wayar taki ta taɓa zuwa Japan?"

"Wataƙila ma can aka haife ta," in ji Hank.

Aka yi dariya. Leland ya jira ta lafa, da haƙurin malamin da ya saba da yara.

"Wanda ƙasa guda ta ce masa jozu," ya ce a hankali, "ba ya musu da waya."

Dolores ta mayar da wayar cikin jaka. Haka aka yi ta yi duk Asabar. Suna maimaita kalmomin da murya ɗaya, yana zagayawa da hannu a baya yana gyara musu rusuno, yana danna ƙeyar wannan, yana ɗago kafaɗar wancan. Ya gaya musu kada su sa rai wani zai ce musu jozu a tafiyar farko. Wannan mataki ne da ba kowa ke kaiwa ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Da biki ya matso, Darlene ta kawo shawara a majalisar gari cewa a ɗauko tafinta daga Portland. Leland ya miƙe daga kujerun 'yan kallo tun kafin ta rufe baki.

"Madam magajiya, 'yan majalisa, ina tambaya. Wanda ke da rijiya a tsakar gida yana zuwa maƙwabta roƙon ruwa? Me baƙinmu za su ɗauka in suka ga mun yi hayar baki? Za su ce Kettle Bend ba shi da ɗa. Ni ba don kaina nake magana ba, Allah ya sani ba na son a gan ni. Mutuncin garin nan nake karewa. Kuma tafintan birni harshen littafi ya sani. Ni zuciyar mutanen na sani."

Babu ko ɗaya a majalisar da zai iya gwada shi, inda ba ƙasa kuwa nan ake gardamar kokawa. Aka janye batun tafinta. Darlene ta daɗe tana dubansa ta saman tabarau, sannan ta ce, "To, Leland. Mu ga yadda za ka yi da baƙin. Daga nan sai mu yi maganar tawaga."

Rana ba ta ƙarya. Ranar bikin, da hantsi, bas ya tsaya a bakin dandalin gari, inda aka kafa rumfuna aka jera tebura. Baƙi huɗu suka sauko. Na gaba shi ne magajin garin Tsubakino, Mista Kuramochi, ɗan dattijo siriri cikin baƙar kwat, tafiya mai nisa ta gajiyar da shi. Bayansa Madam Hanazono, ma'aikaciyar ofishinsa, sai manoman tuffa biyu riƙe da kwalayen tsaraba.

Leland ya tarbe su cikin wata doguwar rigar auduga mai zanen shuɗi da ya sayo a Japan. Irinta ce otal ke ajiye wa baƙo a kan gado don in ya yi wanka ya sa ya kwanta. Shi ya ɗauke ta rigar manya, ya ɗaure ta da ɗamara a kan ƙaton tumbinsa, ga takalmin ofis a ƙafa. Ya ɗaga hannu kamar mai ba mawaƙa umarni, ɗalibansa suka cika ƙirji da iska.

"Irasshaimase!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan rumfa. Mista Kuramochi ya ɗan ja da baya, ya dubi dama, ya dubi hagu, yana neman shagon. Da bai gani ba, ya rusuna.

Leland ya matso, ya bugi ƙirji. "Pruitt-sama," ya ce, ya sake bugawa don kada a yi kuskure. "Pruitt-sama."

Manoman biyu suka sunkuyar da kai suna nazarin takalmansu. Madam Hanazono ta yi murmushi ta fara magana da Turanci mai kyau, tana cewa in ana so za ta iya fassara abin da magajin gari zai faɗa. Leland ya ɗaga mata tafin hannu.

"Kada ki wahalar da kanki, madam. Yau hutu kike. Kin zo gidan da aka san harshenku."

Ita kuwa baƙuwa ce, kuma daga ƙasar da ba a kunyata mai masauki a gaban jama'a. Ta rusuna ta koma baya.

Mista Kuramochi ya yi magana mai ɗan tsawo da murya ƙasa-ƙasa, yana taɓa cikinsa, yana nuna inuwar rumfa. Leland ya saurara da ido a lumshe, yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya san ƙarshen zance.

"Me ya ce?" in ji Darlene.

"Ya ce ya gode."

"Duk wannan?"

"Haka harshen yake, Darlene, yana da zagaye. Ya kuma ce tuffanmu ya fi nasu."

Daga nan ya ja dattijon cikin rana ya zagaya da shi rumfa-rumfa, yana nuna masa kabewa, yana nuna masa tarakta, yana yi masa bayani da Turanci mai ƙarfi da aka yayyafa wa arigato. Sai da rana ta take aka zauna cin abinci.

An gasa nama, an dafa masara, ga dankali, ga kek ɗin Dolores jere a kan faranti. Baƙi suka zauna a gefe ɗaya na dogon tebur, mutanen gari a ɗaya gefen. Leland ya miƙe, ya haɗa tafukan hannu, ya ba da alama. Ɗalibai suka haɗa nasu.

"Ittekimasu!"

Wato mutanen Kettle Bend, da murya ɗaya, ga abinci yana tururi a gabansu, sun sanar da baƙinsu cewa sun tafi, sai sun dawo. Baƙin suka dubi juna. Ladabi ladabi ne, don haka suka ba da amsar da ake ba mai fita, wato a dawo lafiya, suka ajiye cokula, suka ɗora hannuwa a cinya suna jira.

"Kada wanda ya taɓa komai," Leland ya raɗa wa nasa gefen. "Al'adarsu ce. Sai baƙo ya fara."

Aka zauna. Waɗannan suna jiran waɗancan su tafi su dawo, waɗancan suna jiran waɗannan su fara. Nama ya huce, maiƙo ya daskare a kansa. Ƙudaje suka samu abin da ba su taɓa samu ba a bikin tuffa. Cikin Hank ya yi ƙugi har ɗaya gefen aka ji.

Can sai Madam Hanazono ta ranƙwafo wajen Darlene, ta tambaya cikin Turanci a hankali, "Ku yi haƙuri, za ku daɗe ne a inda za ku?"

"Za mu ina?"

Leland ya fashe da dariya shi kaɗai, har da buga tebur. "Barkwancinsu ke nan! Sai wanda ya zauna da su zai gane. Ku ci, ku ci, an buɗe fage."

Aka ci. Darlene ta ci nata tana dubansa ta saman tabarau.

Da aka zo kan kek, Leland ya karɓe wuƙa daga hannun Dolores, ya yanka ƙaton yanki ya ɗora a gaban Mista Kuramochi. Dattijon ya kaɗa hannu a gaban fuskarsa, ya ce, "Kekko desu."

"Kin ji, Dolores? Ya ce madalla. Tun bai ɗanɗana ba. Kin ga hannun nan da yake kaɗawa? Ƙamshin yake janyowa zuwa hancinsa."

Ya ƙara masa wani yanki. Dattijon ya sake cewa kekko, wannan karon da hannu biyu. Leland ya ƙara na uku, ya kwarara masa kirim a kai. Mista Kuramochi ya dubi tudun da ke gabansa kamar mai duban takardar sammaci, ya ɗauki cokali ya gutsuri ɗan kaɗan don kada ya ɓata wa mai gashi rai. Da Leland ya juya, Madam Hanazono ta zare farantin ta tura wa manoman, su kuma suka yi jihadi a kansa.

Sai lokacin jawabi. Leland ya hau kan ɗan dandamali, ya gyara ɗamarar rigar barcinsa, ya karɓi lasifika. Ya ce zai yi magana da harshen baƙi, kuma yana neman afuwar 'yan gari da ba za su iya binsa ba. Sannan ya zazzage duk abin da ke cikin buhunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana jan kowace kalma kamar mai wa'azi. Ya kira su su shigo su yi sayayya. Ya gode musu. Ya ce ya ishe shi haka. Ya ambaci sunansa da girmamawa har sau uku. Ya rufe da cewa ya tafi, sai ya dawo. Ya tsaya a inda yake.

Mista Kuramochi mutum ne mai tausayi, ya ga ƙaton mutum tsaye cikin rana yana zufa yana jira. Ya tafa hannu a hankali, ya ce, "Jozu desu ne."

Leland ya lumshe ido. Ya sauko daga dandamali kamar wanda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya nufi Darlene kai tsaye.

"Kin ji da kunnenki. Ba ni na faɗa ba. Magajin gari guda, a gaban jama'a."

Darlene ta ji, kuma gaskiya ta fara tunanin ko ita ce ba ta gane al'adar mutane ba. Da an tashi a nan, da Leland ya tafi Japan da bazara a gaban tawaga.

Sai Dolores ta zo kwashe faranti. Ɗaya daga cikin manoman ya miƙa mata nasa, ta ce masa arigato a kunyace. Manomin ya washe baki ya ce, "Jozu!"

Dolores ta tsaya da faranti a hannu. "Leland, ni ma na kai?"

"Ɗalibata ce ke," in ji shi. "Yabon ɗalibi na malami ne."

A daidai nan Biskit ya fito daga ƙarƙashin tebur. Ya hango guntun nama a hannun Mista Kuramochi, ya je gabansa ya zauna, ya miƙa ƙafar gaba. Fuskar dattijon, wadda tun saukowarsa daga bas ba ta saki ba, ta buɗe gaba ɗaya. Ya kama ƙafar ya girgiza, ya ba shi naman, ya tafa hannu da ƙarfin da bai yi wa jawabin ba.

"Jozu! Jozu!"

Kowa ya ji. Mutanen da aka yi makonni ana gaya musu cewa kalmar nan sai wanda ya cika mudu, duk sun ji. Hank ya ajiye kofinsa.

"Leland," ya ce, "nasa fa biyu ne."

Darlene ta cire tabarau, ta juya wajen Madam Hanazono. "Madam, don Allah ki taimake ni da Turanci. Wa ake ce wa wannan kalma a ƙasarku?"

Madam Hanazono ta dubi Leland, ta dubi karen, ta ga babu hanyar zillewa. "Kalma ce mai daɗi," ta ce. "Muna faɗa wa wanda ya yi ƙoƙari, don ya ji ƙarfin gwiwa. Yaro in ya fara riƙe cokali. Baƙo in ya faɗi kalma ɗaya."

"Wanda ya iya harshen sosai fa?"

"Shi ba ma ce masa komai. Hira kawai muke yi da shi."

"To ɗazu a bakin bas, me magajin gari ya ce?"

"Ya ce ya gaji, ko zai samu ya zauna a inuwa. Kuma likita ya hana shi zaƙi, kada a ji haushi in bai ci ba."

Dolores ta dafe kai. Glenda, da ke can ƙarshen tebur, ta ci gaba da cin masararta ba ta ɗago ba. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Amma Leland ba a banza ya yi shekaru yana sayar wa masu ciwon baya katifa ba. Ya gyara ɗamara, ya dubi jama'a.

"Ban ga abin mamaki ba," ya ce. "Karen nan bai taɓa fashin aji ba."

Sauran kwanakin ziyarar Madam Hanazono ce ta yi fassara, aka kuma samo wa Mista Kuramochi kujera a inuwa da shayi ba sukari. Da baƙi suka tafi, Darlene ta sanar cewa ita za ta jagoranci tawaga da kanta, da tafinta daga Portland. Aji ya watse, aka mayar da ɗakin ƙasa wurin koyon saƙa. Sabon akwatin yana nan a kan kabad ɗin Leland, ledarsa ma ba a cire ba. Ya gaya wa mutane a layin gidan waya cewa shi ya janye da kansa, domin tawaga ta masu koyo ce.

Lambar motar kuwa tana nan, gaba da baya. Kalmar ma ta zauna a gari, don ita kaɗai ce cikin darussansa da kowa ya riƙe daidai. Yanzu in ya ajiye mota a gaban gidan waya bai hau kan dakali ba, sai ka ji wani daga bakin shagon aski ya tafa ya ce jozu. Yakan fito ya gyara riga ya rusuna musu, gwano kuwa ba ya jin warin jikinsa.

Hank ya sa an buga wa Biskit 'yar lamba ta ƙarfe an rataya masa a wuya, da kalmar a rubuce sau biyu. Gwanayen Japananci biyu ke nan a Kettle Bend, kuma kowa ya san wanda ke gaba.